Motar da Ba Ta da Gidan Baya

Tun da aka kai ƙanwata Meram gidan Kyari mai walda a Dogo Nini, ban taɓa ganin ta zauna a gidan gaba na mota har ta kai inda za ta ba. Ba wai ba su da mota ba ne. Suna da ita, wata tsohuwa mai ƙofa huɗu da ke tashi in ta ga dama. Za su fito tsaf, Meram ta naɗa lafaya, ta turara jikinta da turaren da ni na haɗa mata, ta buɗe gaba ta zauna kusa da mijinta. Kafin su kai bakin kwalta wani ya ɗaga hannu: "Kyari, rage mini hanya." Shi ke nan, an gama. Abin haushin ma, babu mai ce mata ta tashi. Ita da kanta za ta tattare lafayarta ta koma baya, tana gaishe da mutumin har da rusunawa. Ai namiji ne, ai babba ne, ai abokin marigayi wane ne, yaya za a yi ya zauna a bayan mace? Haka ta haifi 'ya'yanta ta aurar da su, abin da ta fi sani a jikin mijinta a cikin mota shi ne ƙeyarsa.

Ni ce Fanne, yayarta, mai turaren wuta a Hausari. An ce bakina ba ya shiru, kuma ban taɓa musawa ba.

Shi Kyari bodin tirela yake ƙerawa. Duk saniyar da ta bar kasuwar Potiskum ta nufi kudu, da wuya in ba cikin ƙarfen da ya ƙona da hannunsa ta tsaya ba. Mutum ne da za ku yi wuni guda tare ba ka ji muryarsa ba sai a sallama. Ni na daɗe ina ɗauka ko bai san abin da ke ci wa matarsa rai ba ne, irin na maza. Ashe ya sani, bakin faɗa ne ba shi da shi.

Abin ya faro ne ranar da autarsu Hawwa ta zo wuni daga gidan mijinta. Muna zaune a tsakar gida tana nuna wa uwarta hotuna a waya, sai ga wata jar mota a kwance da ƙasa, ƙofofinta sun ɗaga sama.

"Ina gidan bayan?" in ji Meram.

"Babu, Mama. Motar gudu ce, mutum biyu kawai take ɗauka."

Meram ta yi dariya, irin dariyar nan da ba ta kai ciki ba. Ta ce, "Kai, wanda ya ƙera wannan ya san darajar matarsa."

Kyari yana tsugune a bakin rariya yana alwala. Na ga ruwan butar ya tsaya. Ya ƙarasa alwalarsa ya fita masallaci.

Ba a rufa mako ba ya aiko a kira ni garejinsa. Na tarar ya share wani lungu bayan tulin ƙarafa, ya ajiye kujeru 'yan tsugunno biyu gefe da gefe, ya zagaye su da alli a ƙasa. Yana ta sosa kai kamar wanda aka kama da satar nama a tukunya.

"Ya Fanne," ya ce, "mace in ta naɗa lafaya, wane irin fili take bukata don kada ta yamutse?"

Na dube shi, na dubi zanen allin. Wallahi nan take na gane motar nan ta hoto zai ƙera mata. Amma da yake ni ce, sai na ce masa, "Yo sai yau ka san tana yamutsewa?" Na zauna a kujerar dama na baza jikina, ya auna da ni. Ni kuwa na fi Meram faɗi, shi ya sa kujerarta ta fito kamar ta matar gwamna.

Damina biyu ya ci a kan wannan aiki, kullum bayan la'asar in an tashi daga aikin tirela. Ƙashin motar da ragowar bututun bodin shanu ya haɗa shi. Injin na wata ƙaramar mota ne da tirela ta murƙushe wa baya, gaban ya tsira. Jikin kuwa farantin ƙarfe ne, ya yi ta bugunsa da guduma a kan wani kututturen icce har ya lanƙwasu yadda yake so, wani ya ɓaci ya jefar ya sake. Gilashin gaba daga na wata bas ya yanko. Kujerun na shagon wani mai aski ne da ya koma sayar da katin waya. Ranar da ya fara gwada sitiyari, ya murɗa hagu tayoyin suka yi dama, sai da ya kwance komai ya juya. Ranar da ya fara tayar da injin, da salansa biyun da ya saka mata, kajin unguwar sun kwana a kan katanga.

Amma abin da mutane ba su gane ba, ni na gane. Duk abin da Kyari ya yi wa motar nan, don kada kowa ya samu wurin zama ya yi shi. Injin ma ɗauke shi ya yi daga gaba ya dasa shi daidai bayan kujeru, inda fasinja zai ce a matsa masa. Rufin ya yi shi da santsi, ya gangaro, ko ƙullin goro ka ɗora sai ya zame. But na zuba kaya kuwa babu, ko na magani.

Mashawarta fa ba a rasa su ba. Inda duk mutum ya tsuguna yana aikinsa a garin nan, sai an kawo benci an zauna a kansa. Shugabansu Ba Yaji ne, wato Baba Yaji, ƙanin mahaifin Kyari, wanda ya riƙe shi bayan rasuwar uban. Tsohon dillalin shanu ne, kuma har gobe duk abin da ya gani a duniya da idon dillali yake kallonsa. Ya zagaya motar, ya zungure ta da sanda a kwiɓi, ya leƙa ƙarƙashinta.

"Ba ta da ƙafa," ya ce. "Ba ta da tozo. Buhu nawa take ɗauka?"

"Ba ta ɗaukar buhu, Ba."

"Mutum nawa?"

"Biyu."

"Biyu a gaba. A baya fa?"

"Babu baya, Ba."

'Yan benci suka yi caa. Wani ya ce, to in haihuwa ta zo wa maƙwabciya fa? Wani ya ce, in an yi rasuwa fa, 'yan rakiya su hau ina? Ba Yaji ya kai hannu kan wani fiffiken ƙarfe da Kyari ya kafa a bayan motar, wanda ya wahala a kansa ba kaɗan ba don ya yi daidai da na cikin hoton. Ya girgiza shi ya ji da ƙwari, fuskarsa ta saki.

"To, ko ba komai ka yi hankali a nan. Wannan zai riƙe rago biyu."

Washegari babu fiffiken, Kyari ya yanke abinsa.

Gari ya rabu biyu. Wasu suka ce hayaƙin walda ne ya taɓa masa ƙwaƙwalwa, wasu suka ce rowa ce tsagwaronta, ai mutum ba ya ƙera mota mai kujera biyu sai don ya hana jama'a. Malam Abdulsalam, limamin masallacin layinsu, ya yi nasiha a kan rowa bayan magariba, bai ambaci sunan kowa ba, amma an ce idonsa bai bar kan Kyari ba har ya shafa addu'a. Da aka yi mata jan fenti aka fito da ita rana, a baje da ƙasa, yaran unguwa suka sa mata suna Silifa. Sunan ya bi ta, har shi Kyarin haka yake kiranta in ya manta.

Abin da Meram ke so bai taka kara ya karya ba. So take ta je Nangere wurin tsohuwarmu tana zaune a gaba kusa da mijinta, daga ƙofar gidansu har ƙofar gidanmu, ba wanda ya tashe ta. Iyakarsa ke nan, kuma a kan wannan aka ƙona duk ƙarafan nan.

Ranar tafiyar na zo da sassafe na naɗa mata sabuwar lafaya mai ruwan ƙwai. Matan layin suka cika ƙofar gida. Kyari ya ɗaga mata ƙofa sama, ta sunkuya ta shige, lafayar ko lanƙwasa ba ta yi ba. Na rangaɗa guɗa har sai da kunnena ya yi ƙara. Silifa ta yi gurnani, ta ja jiki, ta hau tudun rage gudu na ƙofar masallaci a karkace don kada cikinta ya gogi ƙasa, ta nufi kwana.

A kwanar nan Ba Yaji yake tsaye da sandarsa, ranar kasuwa ce. Muna hango su. Ya ɗaga sanda, motar ta tsaya. Abin da aka faɗa Meram ce ta ba ni daga baya.

"Kyari, kai ni kara, kasuwar shanu ta fara ci."

"Ba, ai wurin mutum biyu ne."

"To ai mu biyun ne."

Meram ta ɗaga ƙofa ta fito. Ta rusuna ta ce, "Ku je, Baba, ba komai." Ta juya za ta buɗe baya kamar yadda hannunta ya saba, hannun ya sauka a kan jan ƙarfe mai santsi. Nan ne fa mu duka muka gane irin wautar da aka tafka, har da ni da na zauna aka auna. Da can in an tashe ta tana da inda za ta koma. Yanzu mijinta ya ɓata damina biyu ya tabbatar ba ta da shi.

Matan da suka yi mata guɗa ko watsewa ba su yi ba ta dawo a ƙasa, tana riƙe da gefen lafaya don kada ta ja ƙasa. Ta ratsa mu ta shige ɗaki. Ban taɓa jin kunya da takaici sun haɗe mini wuri guda irin na ranar ba.

Daga nan Silifa ta zama motar dattawa. Waɗanda suka ce rowa ce, su ne suka fara layi. Shigarta ma aiki ne, sai mutum biyu sun riƙe dattijo sun sauke shi a hankali kamar ana zura guga a rijiya, in an isa kuma a nemi wasu biyun su zaro shi. Malam Abdulsalam da kansa a cikinta ya je ɗaurin aure, rawaninsa a kan cinya don rufin ya hana. Kuma kowannensu da ya zauna, kalmarsa ta farko ita ce, "A hankali dai, Kyari, muna da iyali." Motar da aka ƙera don gudu, masu tura ruwa suna wuce ta. Kyari ya taɓa gaya mini, yana kallon ƙasa, bai san yadda muryarta take a giya ta uku ba.

Sun sake gwadawa, wannan karon da duku-duku bayan asuba, ta bayan layi. Suka ci karo da wani tsoho mai ciwon gwiwa da zai je asibiti ya kama layi da wuri. Meram ta sake dawowa a ƙasa. A gabana ta ce da mijinta, murya a sanyaye, "Baban Hawwa, ka bar shi haka. Da can ƙeyarka nake gani, yanzu hayaƙinka nake gani."

Ni kam na kasa haƙuri, na tare shi a zaure.

"Kai wai bakinka ciwo yake yi ne? Ba za ka iya cewa a'a ba sau ɗaya a rayuwarka? Ƙarfe kana lanƙwasa shi, kalma ɗaya ta gagare ka?"

"Ya Fanne, shi ya riƙe ni. Yaya zan wuce shi yana tsaye a rana?"

Na koma kan ita. "Ke kuma wa ya ce ki tashi? Ki lafe a kujerarki mana, ki ga ko za a ciro ki da ƙugiya!"

"In zauna Baba yana tsaye? Da wane ido zan shiga gidan suna a unguwar nan?"

Kun ji fa. Biyu ne, kowanne ya fi ɗan'uwansa ladabi, kuma ladabin nan shi yake cinye su. Na yi tsaki na tafi gida, na huce a kan turmin dakan turare.

Kyari ya lulluɓe Silifa da tamfol a ƙofar gida, ya ce wa dattawa ta lalace. Ta daɗe a nan awaki suna kwana a gindinta. Sai wata ranar kasuwa da hantsi, na kawo wa Meram humra, na tarar ya yaye tamfol ɗin yana tsaye a kanta.

"Gareji zan kai ta," ya ce. "Zan yanka ta biyu in ƙara gidan baya. Ko ba komai Meram ta daina dawowa a ƙasa."

Ya faɗa ne kamar mai cewa zai kai ɗansa a yanke masa ƙafa. Meram tana bakin zaure, na ga ta juya fuska.

Ya murɗa makulli, motar ta ce ƙyas, ta yi shiru. Batir ya mutu. Mazan layin duk suna kara, babu mai turi sai mu. Kyari ya dube ni, ya dubi matarsa, ya ga wadda ta fi ƙarfi.

"Meram, shiga ki riƙe sitiyari. Ki danne wannan na hagun da ƙafa. In na ce saki, ki saki."

"Ni? Baban Hawwa, ban taɓa ba!"

"Riƙewa kawai za ki yi."

Ya sa mata giya, ya bar ƙofar dama a ɗage. Ni da shi muka dafa baya. Ni Fanne, da girmana da jikokina, ina tura Silifa a tsakiyar Dogo Nini, Allah na gode maka da babu mai waya a kusa. Da ta ɗauki gangara ya ce, "Saki!" Meram ta saki. Ba ta tsaya nan ba, tsoro ya sa ta taka na daman ma. Motar ta yi wata irin zabura, na tafi da gwiwa a ƙasa. Kyari ya tattare riga ya bi ta a guje, ya yi tsalle ya faɗa ta ƙofar dama, ƙafafunsa a waje.

Ina durƙushe ina salati na hango kwana. Ba Yaji ne a tsaye, ranar ya makara. Ya ji gurnanin da ya sani, ya ɗaga sanda kamar kullum. Motar ta matso tana tangaɗi. Ya leƙa, ya ga wanda ke kujerar fasinja, ya ga wadda ke riƙe da sitiyari. Na ga sandar nan ta fara sauka a hankali. In ya tsayar da su, Kyari ne zai sauka, shi kuma a zura shi cikin wannan ɗan akurkin, kafaɗa da kafaɗa da matar ɗansa, a rufe ƙofa. Dattijon ya juya baya ya kafa wa katangar mutane ido, kamar yau ya fara ganin bulo. Silifa ta wuce shi, ta sha kwana, da ƙyar ba ta kwashi teburin mai ƙosai ba.

Na zauna daɓas a tsakiyar hanya na yi dariya har hawaye, gwiwata tana jini.

Ba a yanka Silifa ba. A filin ƙwallon bayan unguwa ya koya mata tuƙi, ita tana kuka tana cewa ba za ta iya ba, shi yana cewa, "Sake." Sannu a hankali ta iya. Kuma abin ya tabbata: muddin Meram ce a sitiyari, babu namijin da ke ɗaga hannu. Malam Abdulsalam in ya hango su sai ya tuna bai ɗaure igiyar takalminsa ba, alhali silifa ce a ƙafarsa. Mata kuwa, wace ce za ta ce wa maigida ya sauka ta zauna?

Amma garin nan ba ya barin mutum ya sha ruwa ya ajiye kofi. Aka sa wa Kyari suna yaron motar Meram. Direbobin tirela in sun zo gareji sai su ce, "Ina uwar ɗakin naka, ta ba ka hutu?" Ba Yaji ya kira shi har gida, a gaban 'yan benci.

"Ka mayar da kanka kaya. Namiji da mota tasa, mace tana jansa a gari? Daga yau ka karɓi sitiyarinka."

Kyari ba zai iya cewa a'a ba, wannan kowa ya sani. A garinmu ba a ce wa babba a'a, sai dai a nemo dalili. Ya kafa wa tabarma ido ya ce, "Ba, idanuna ne. Walda ta cinye su. Na kusa ina gani, na nesa ne sai hazo-hazo."

Wayyo, sai ga tausayi ya ɓarke! Ba Yaji ya aiko da kwalli na musamman. Malam Abdulsalam ya sa aka yi masa addu'a. Kowa ya gamu da shi sai, "Ya idanu?" Wani ma har kama masa hannu yake yi in za su tsallaka titi daga masallaci, mutumin da ke hango tsagar walda daga ƙofar gareji. Masu tsokana suka yi shiru, Meram ta zama mace ta gari mai jinyar miji. Sai dai da bakinsa ya rufe wa kansa ƙofa. Duk ranar da aka gan shi a sitiyari, ko dai ya warke dattawa su dawo layi, ko kuma ya yi wa Ba Yaji ƙarya a bainar jama'a. Motar da ya ƙona yatsunsa a kanta ta fi ƙarfinsa, sai dai ya wanke ta da yamma.

Bayan an yi girbi aka sa ranar Nangere. Da yake Silifa ba ta ɗaukar ko tsinke, ni aka ɗora wa tsaraba. Na ɗauki shatar napep ɗin Safiyanu maƙwabcina, muka loda shinkafa da sabulu da atamfar tsohuwa, muka bi bayansu.

Tuƙin Meram kuwa, Allah ya ba mu haƙuri. Ta ƙanƙame sitiyari, hancinta ya kusa taɓa gilashi. Safiyanu sai taka birki yake don kada ya wuce su. Ya ce, "Ya Fanne, a haka man da zan ƙona ya fi na zuwa Damaturu." Na ce ya ja bakinsa ya yi shiru. Muka fita gari babu wanda ya ɗaga hannu. Ta ɗan gilashin baya ina hango kawunansu biyu a jere.

Da muka yi nisa, gidaje suka ƙare, sai gonakin da aka girbe hagu da dama, kwalta ta miƙe santal babu kowa a kanta. Sai na ga Silifa ta gangara gefe ta tsaya. Muka tsaya a bayansu. Meram ta ɗaga ƙofa ta fito.

"Baban Hawwa, zo ka ja abarka. Nan babu mai ganinka."

Ya fito yana waige-waige. Ya dubi hanyar nan, ya dube ta. Mutum mai furfura a gemu, amma wallahi fuskarsa ta koma ta ɗan yaye da aka miƙa wa alewa. Ya zagayo ta gaban motar yana goge tafin hannunsa a riga. Ya dafa ƙofar direba, ya ɗaga ƙafa ɗaya zai zura.

"Salamu alaikum! Wa nake gani kamar Kyari na gidan Yaji?"

Daga bayan tarin karan dawa ya ɓullo, wani tsoho da gatari a kafaɗa. Ban san daga wace ƙasa Allah ya tono shi ba. A duk faɗin dajin nan, sai da aka samu wanda ya yi dillanci da Ba Yaji.

"Idon ya warke ke nan? Alhamdu lillahi! Ai labari ya iso mana. To rage mini hanya zuwa Nangere, ga napep nan, matan sa shiga."

Na buɗe baki zan wanke shi tas, Meram ta girgiza mini kai. Na ga hannunta ya riga ya kai gefen lafaya, ta fara tattarewa, ta juyo wajen napep. Ko a daji, ko babu mai kallo, jikinta ya riga ya saba.

Kyari yana nan tsaye, ƙafa ɗaya a sama. Ya dubi kujerar, ya dubi kwaltar da ta miƙe, ya dubi matarsa da ta ba shi baya. Ya sauke ƙafar.

"Bai warke ba, Baba," ya ce. "Ƙofar nake laluba mata, tana sargafewa."

Ya shafa ƙofar da tafin hannu kamar makaho na gaske, ya riƙe ta a ɗage. "Meram, shiga." Ya zagaya ya koma inda ya fito, ya jawo ƙofarsa ya rufe.

Tsohon ya yi masa Allah ya sawwaƙe, ya zo ya raɓa a gaba kusa da Safiyanu, gatarinsa a kan buhun shinkafata. Ni kuka nake yi, kuma ban ɓoye ba. Tausayin Kyari ne ya kama ni, mutumin da na shekara ashirin da ɗoriya ina yi wa gori.

Motar ta mutu mata sau biyu kafin ta tashi. Muka ci gaba da rarrafe. Tsohon ya ce, "Wai wannan ce motar gudun da ake faɗa? Jakina ya fi ta sauri."

Bai rufe baki ba Silifa ta canza murya. Ta yi wata ƙara da ban taɓa ji ba, ta ƙara wata a kanta, ta dunƙule ta miƙe. Safiyanu ya murɗa iya murɗawarsa, ina! Jan ɗigo muka gani, daga nan babu.

A ƙofar gidanmu muka same su, yara sun yanyame motar, tsohuwarmu tana shafa fentin tana tambaya ina sauran take. Meram tana zaune a dakali. Na ja ta gefe.

"Ke, haukacewa kika yi? Ke da ko keke ba kya wucewa?"

Ta share ido da bakin lafaya.

"Ya Fanne, ƙasa na duba na ga ƙafarsa ta dama. Sai danna ƙarfen yake yi, wurin da babu totur. Shi ne na taka masa nawa."